Hawayen Tsinke

Gwaggo mai guga ba ta taɓa ƙona rigar kowa ba, ba ta kuma iya ƙarya ba, shi ya sa har ta tsufa teburinta ɗaya, dutsen gugarta ɗaya. Da ƙaninta ya rasu ya bar mata ɗa, wani siririn yaro da unguwa ke kira Tsinke, ta riƙe shi da faɗa safe da yamma. Duk da haka wata rana aka kama shi da madubin motar mutane a cikin riga, alƙali ya tura shi gidan gyaran hali.

Ranar ziyarar farko ta ja kunnensa. "Abin da aka ce ka yi, ka yi. Ka nuna musu ka tuba, su sako min kai."

Tsinke ya ji magana, har ya wuce gona da iri. Gidan da tallafin baƙi yake rayuwa, baƙi kuwa ba sa buɗe jaka sai sun ga tubabbe da idonsu. An gwada yara da dama: wani ya fashe da dariya, wani ya roƙi baƙuwa agogonta. Shi kuwa Tsinke sai ya tsaya ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na ɓata sunan gwaggona," hawaye shar. Da hawayen nan aka yi wa ofis fenti, aka sa fanka, Shugaban gidan ya sake kujera.

Wa'adi ya cika. Gwaggo ta goge masa riga ta je ɗaukarsa.

"Iya, yaronki ya zama abin koyi," in ji Shugaba. "Amma akwai manyan baƙi a hanya. A ɗan ƙara haƙuri."

Ta ƙara. Baƙi dai ba sa ƙarewa. Waɗanda suka fi shi laifi duk suka fita suka bar shi yana tuba. Rigar ta sha guga har ta fara sheƙi, mai ita kuma ya girma ya fi ƙarfinta. Tsoro ya kama Gwaggo, kada ta mutu yaron bai dawo gida ba.

A ziyara ta gaba ta matso da baki kunnensa. "Gobe in baƙi sun zo, ban da kuka. Ka yi hamma. Ka tambayi babbansu nawa madubin motarsa zai yi a kasuwa."

"Gwaggo, ke ce kuwa?"

"Ni ce. Allah Ya yafe min."

Haka ya yi. Kafin mako ya zagayo Shugaba ya tuna cewa, ashe, wa'adin yaron ya daɗe da cika.

Tsinke ya dawo yana taya ta aiki. Ran nan ya manta dutse a kan rigar wani direba, ƙauri ya cika ɗakin. Riga ta farko ke nan da ta ƙone a teburin Gwaggo. Yaron ya miƙe tsaye, ya sunkuyar da kai.

"Na ɓata sunan gwaggona," ya ce, hawaye shar.

Ta manta da rigar, ta zuba masa ido.

"Ɗan nan, wannan na gaske ne ko na baƙi?"

Ya share fuska da bayan hannu, ya dubi jiƙaƙƙen hannun.

"Wallahi Gwaggo, ni ma ban sani ba."