Ranar da Inna Ta Yi Dariya Cikin Takaba

Ranar wata Laraba ce da la'asar, cikin damina, kwana talatin bayan kogi ya cinye Baba. Kwalekwale ne ya kife da su a wajen Wamakko, yana dawowa daga gonarsa ta albasa. Shekarata goma sha biyu, ina zaune gindin darbejiyar gidanmu na Ƙofar Atiku ina tsintar shinkafa a faifai, awaki suna zagaye ni. Inna tana ɗaki cikin takaba. Tun ranar jana'iza ba ta ci abin kirki ba, sai ruwan kunu, shi ma sai na tsaya a kanta. Ni ke ɗebo ruwa, ni ke daka, ni ke wanke ƙannena biyu, ina kuma kallon uwata tana ƙarewa a kan tabarma. Kullum sai ta sa na zuba tuwo a kwanon Baba, da safe in ba awaki.

Akwai Malama Rifkatu, malamar firamare, Kirista, da ke haya a ɗakin ƙofar gida. Ranar ta dawo da wani littafin soyayya da ta ƙwace hannun wata ɗaliba, bangonsa duk ya yage. Ni ban yi boko ba, har yau ɗiyata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Malama ta jawo kujera kusa da labulen Inna, ta ce wai ni za ta karanta wa, amma ta ɗaga murya. Labarin wani tela ne da ke son wata mai tuyar ƙosai, kullum da gangan yake ɓata mata ɗinki don ta dawo ta zage shi. Ya taɓa yi mata riga hannu ɗaya har gwiwa. Amma ita yarinyar uwarta ta rasu, kuma kowace safiya takan ware ƙosai uku ta ajiye a inda tsohuwar ke zama. Da aka zo nan na ji motsi bayan labule. Da telan ya ci ƙosan nan uku cikin rashin sani, ya kuma yaba da su, sai Inna ta fashe da dariya, irin mai haɗe da kuka.

Daidai nan Gwaggo Hajo, yayar Baba, ta yi sallama. Ta tsaya cak. Ta ce ƙaninta bai yi arba'in ba ana shewa a gidansa, ta ce a miƙo takardar banzan nan ta sa a murhu. Na fizge littafin daga hannun Malama na zauna a kansa. Gwaggo ta mare ni, ta ja kunnena, ban tashi ba. Sai labule ya ɗaga, Inna ta fito tana dafa bango.

"Yaya, kwana talatin ban ci tuwo ba, ba ki leƙo ba. Yau da niy yi dariya kinka ji. Sakar min ɗiya."

Gwaggo ta fita tana faɗa, ta yi wata biyu ba ta tako gidan ba. Da magariba Inna ta jawo kwanon Baba ta cinye tuwon. Mako biyu muka yi muna jin labarin nan, shafi kaɗan-kaɗan.

Yanzu yara a waya suke sauraron irin littattafan, kowa da abin kunnensa, kowa na dariyarsa shi kaɗai. Malama ta koma garinsu, Inna ta bi Baba, an sare darbejiyar an yi shago. Har yau in wani ya ce a gabana littafin soyayya shirme ne, nakan tambaye shi ko ya taɓa ciyar da wanda ya ƙi rayuwa. Ni na ga abin da ya ta da uwata.