Injin da Ɗan'asabe Ya Kashe Shi Kaɗai

Wata rana, zamanin da nake aiki a wani kamfanin takalman roba, na ga rashin imanin da har yau yake ci mini rai.

Manajanmu baƙo ne daga ƙetare. Bai taɓa kiran ɗayanmu da sunansa ba. "Kai, biri!" Sunan kowa ke nan.

Kullum a hutun azahar, mutum biyu ke cika mana kunne da gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka.

Malam Tanimu, shugaban sashenmu, yana bayan jagororin da suka ce a nemi haƙƙi cikin lumana, ko an mare ka kada ka rama.

Zayyanu mai digiri kuwa ya ce wannan tsoro ne aka sa wa babbar riga. Nasa jagororin sun ce 'yanci ƙwatarsa ake yi, ba roƙo ba.

Akwai wani bawan Allah, Ɗan'asabe. Shekararsa sha biyu a kan inji ɗaya, 'ya'yansa shida, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Shi kam ba ya musu, sai dai ya saki baki yana saurare.

Ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya: ran da aka sake ce wa wani biri, kowa ya kashe injinsa. Tanimu ya ce ai wannan lumana ce. Zayyanu ya ce ai wannan ƙwata ce.

Muka shafa fatiha a kai.

Ranar Talata manaja ya shigo, ya daka wa wani tsawa, ya faɗi kalmar.

Ɗan'asabe ya miƙa hannu ya kashe injinsa.

Ya waiwayo yana murmushi.

Injuna arba'in suna ta ruri. Har da nawa.

Kafin la'asar masu gadi sun fitar da shi. A bakin ƙofa ya tare Zayyanu, idonsa jawur.

"Zayyanu, ba fatiha muka shafa ba?"

"Haba Baba, ni fa tarihi nake ba ku. Wa ya aike ka?"

Malam Tanimu ko roƙa masa bai yi ba. Cewa ya yi gaggawa aikin shaiɗan ce. Sati bai zagayo ba ya ɗora ɗan ƙanwarsa a kan injin.

Yanzu Ɗan'asabe garuwa yake yi, yana tura kurar ruwa. In ya wuce ta ƙofar kamfanin, ma'aikata su ɗaga hannu suna dariya: "Sai jagora!"

Ni na fi kowa jin kunya, domin ni aka ce wa biri ran nan.

Darasi: Mutanen can da ake ta musu a kansu, masu lumanar da masu zafin, su suka fara tara wuyansu. Kafin ka bi maganar mutum, duba ko tuwon gidansa na cikin abin da za a rasa.

Tura wa wanda ka san ana zuga shi, tun bai miƙa hannu ba.