Ihu a Gindin Rijiya

Haƙar rijiya ce sana'ata. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Daga ƙauye na shigo Katsina da ƙarfina, wani dattijo a Ƙofar 'Yandaka ya ɗauke ni cikin mutanensa. Maigida muke ce masa. Abin da ya fara koya mini ba riƙon diga ba ne. Cewa ya yi, "In ka sauka, ka bar bakinka a sama. A cikin rijiya ba a ihu. Igiya ce bakinka."

In guga ya cika da ƙasa, ka ja igiya. In kai ne kake son fita, ka yi ta girgiza ta. Sun ce ƙara tana zabtaro ƙasa, kuma na sama in ya firgita hannunsa yana saki. Ko haka ne ko ba haka ba ne, haka na tarar.

Na yi furfura a aikin ban karya dokar ba. Sai wata shekara, ƙarshen damina, muna haƙa a gidan wani Alhaji a Ƙofar Kaura. Mun yi nisa, ƙasa ta fara danshi. Ina duƙe na ji wani abu kamar an juye buhun gero a bayana. Gefe ɗaya ne ya zabtare. Ƙasa ta kama ni har ƙirji, ta danne hannuna na dama. Igiya tana lilo a gabana, ban kai gare ta ba.

Na yi ihu. Ban yi niyya ba, fita ya yi da kansa. Na kira Allah, na kira uwata da ta daɗe a ƙasa. Matan gidan sun ji, maƙwabta sun ji.

An ciro ni. Haƙarƙari biyu suka tsage. Alhaji ya sa aka rufe bakin rijiyar da kwano, aka ɗora duwatsu.

Da na warke na koma wurin mai shayin da muke haɗuwa bayan sallar asuba. Suka tarbe ni da kyau. Ya jiki, ya iyali, ya ƙarfin jiki, Allah ya kiyaye gaba. Maigida ya sa aka haɗa mini shayi mai kauri. Da gari ya waye suka ɗauki diga da igiya suka miƙe. Ba wanda ya ce mini tashi. Na zauna da kofi a hannu har suka sha kwana.

Washegari ma haka. Rana ta uku ma haka. Na gane. A wurinmu an ce wanda ya yi ihu a rijiya tsoro ya shige shi, kuma mai tsoro yana iya kashe na kusa da shi. Ban tambaya ba, ba su faɗa ba. Na daina zuwa.

Na karɓi hayar kurar ruwa, ina tura jarkoki daga burtsatse zuwa gidaje. Abinci bai yanke ba. Amma in na hango su da igiya a kafaɗa sai na canza lungu. Mutumin da ya haƙa rijiyoyin rabin unguwa, ga shi yana sayar da ruwan wani.

Babbar ɗiyata malama ce, tana koyar da Turanci a makarantar firamare. Wata rana bayan la'asar ta zo gida ganin uwarta. Ta baje littattafai a tabarma tana shirya darasin gobe, tana maimaita wasu kalmomi biyu a bakinta. Ina gefe ina ɗaure tayar kura.

Na ce, "Mi kike ta nanatawa kamar mai tasbihi?"

Ta yi dariya. "Baba, kalmomin Turanci ne biyu da yara suke rikitawa, don farkonsu iri ɗaya ne. Ɗaya ta ihu ce. Amma ba kowane ihu ba. Wanda yake kuɓuce wa mutum ba shiri, don tsoro, ko mamaki, ko murna."

"Har da murna?"

"Har da murna. Ɗayar kuma ta rufe wa mutum ƙofa ce yana waje. A yi abu, a ware shi da gangan."

Na ce, "To, ki kai ni ajin naki su gan ni. Duka biyun ga su zaune. Na yi ta farko, an yi mini ta biyu."

Uwarta ta ce, "Malam, don Allah." Ta gaji da zancen, ko da yake ban cika yin sa ba.

Ɗiyata ta ajiye biro. "Baba, su ne suka ce kada ka zo?"

"Ba su ce ba."

"Ka nemi zuwa suka hana?"

"Ni ba na roƙo."

"To ta farkon na yarda. Ta biyun ban sani ba ko ta hau kanka. In yaro ya ce mini an ware shi daga wasa, sai na tambaye shi wa ya hana shi. In ya ce ba kowa, tsayawa kawai ya yi a bakin fili, ba na karɓa."

Na ce, "Ke, ni ba ɗan ajinki ba ne."

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba." Ta koma kan littafinta. Uwarta tana tankaɗe tana murmushi, ta ɗauka ban gani ba.

Na kwana da maganar. Da safe ban ɗauki kura ba. Na tafi wurin mai shayi. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na tsaya a gaban Maigida, ban zauna ba.

Na ce, "Maigida, kun kore ni ne?"

Ya dube ni ta saman kofi. "Wa ya kore ka?"

"Ba wanda ya ce in tashi."

"Kuma ba wanda zai ce. Wanda rijiya ta kama ba a kiran sa. In na ce ka sauka, ƙasa ta sake rufe ka, mi zan ce wa iyalinka? Shi ne yake zuwa da ƙafarsa ya ce a ba shi igiya. Haka ubana ya yi, haka na tarar." Ya ajiye kofin. "Kai ba ka sani ba?"

"Wa ya faɗa mini? Tun da na zo ba wanda rijiya ta kama."

Wani cikinmu, mai baki, ya ce, "Mu muna ta cewa mutumin ya ji daɗin turin kura ne. Har an ce za ka sayi taka, ka sa mata madubi."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce, "To ihun fa?"

Maigida ya ce, "Ihun ka yi shi, duk Ƙofar Kaura shaida ce. Shi ya sa ba sabuwar rijiya za ka fara shiga ba. Wadda ta kama ka, ita za ka koma. In ka fito da bakinka a rufe, magana ta mutu. Tana nan tana jiran ka. Alhaji ya dame ni, na ce mai ita bai shirya ba."

Na ce, "A ba ni igiya."

Muka ɗauke duwatsu, muka janye kwanon. Wari ya taso, na danshi da duhu. An riga an sauke zobban siminti an tare gefen da ya zabtare, tun ina kwance. Ban san sun yi ba. Maigida da kansa ya ɗaura mini igiya a ƙugu. Ya ja kullin, ya sake ja.

Ba zan ce ban ji tsoro ba. Suka sauke ni a hankali, haske yana raguwa. A ƙasa na tarar da takalmina ɗaya, ya yi baƙi. Na jefa shi a guga na ja igiya. Na ci gaba da sara. Duk 'yar tsakuwar da ta faɗo sai na cije leɓe. Guga yana hawa yana sauka. Can diga ta shige da taushi, ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsun ƙafata, mai sanyi. Na tsaya ina kallon sa har ya rufe idon sawuna. Sannan na girgiza igiya.

Da kaina ya fito, iska ta buge ni, sai wani ihu ya ƙwace mini, ya fi na farko. Kajin gidan suka watse. Hajiya ta leƙo daga madafa tana salati.

Maigida bai ko ɗago ba, yana naɗe igiya. Ya ce, "Nan sama yi iya ƙarfinka. Gobe akwai aiki a bayan unguwar GRA, kada ka makara."

Da yamma na mayar wa mai kura kurarsa.