Jan Zaren Yaya Bulus

Daminar bana ta cika shekara goma sha biyu da rasuwar yayana Bulus, wanda mutanen Samaru suka fi sani da Baba Mai Nutso. Ba ruwa ne ya ci shi ba, ko da yake rabin gari abin da suka yi ta jira ke nan. Hawan jini ne ya kwantar da shi, a kan gadonsa ya cika. Na so in rubuta abin da aka saba rubutawa a irin wannan rana, in ce mutumin kirki ne, a yi addu'a a tashi. Mutumin kirki ne kuwa. Amma tun da hadarin farko ya haɗu bana hankalina bai kwanta ba, kuma dalilin yana nan rataye a ƙusa a ɗakin ɗansa Ishaku.

Yaya ya koyi nutso yana saurayi, a hannun wani Bature mai binciken kifi a dam ɗin Kubanni. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa gilashin nutso, irin wanda ake ɗaurawa a fuska ya rufe ido da hanci, da takalman iyo masu faɗi waɗanda yara ke kira ƙafar agwagwa. Daga nan cutar ta kama shi. Duk Baturen da zai tashi daga Samaru ya yi gwanjon kayansa, Yaya na bakin ƙofa tun ba a buɗe ba. Da Turawan suka ƙare sai ya koma kasuwar Sabon Gari, inda wani ɗan gwanjo, Oga Chidi, ke ajiye masa duk gilashin nutson da ya faɗo daga cikin dila. "Malam Bulus, kayan mahaukata ya iso," haka yake tarbarsa. Yaya ya yi dariya, ya ja benci, ya hau dubawa.

A gidansa na zauna lokacin da nake koyarwa a firamare, don haka na ga aikin da idona, warin roba kuwa na sha shi har na ƙoshi. Zai kwance zoben ƙarfen da ke riƙe gilashin, ya jiƙa robar a ruwan ɗumi da sabulu, ya bi ta lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori. A inuwa yake shanya ta, don ya ce rana na kashe roba. Sannan ya shafa mata mai, ya barbaɗa hoda, ya goge zoben da toka da lemun tsami. Abin da ya shigo gidan kamar busasshen ganda sai ka gan shi a bangon falo yana sheƙi. Matarsa, Yaya Rifkatu, takan ce da ita yake yi wa rabin wannan hidimar da ba ta tsufa ba.

Amma shi da bakinsa yake cewa gyaran ido ne. Tsohuwar roba takan yi kyau a waje alhali ta mutu a ciki. Saboda haka duk wanda ya gama gyarawa, sai ya kai shi bakin dam da rani, inda ruwa bai wuce ƙirji ba, ya nutsa da shi, ya ja, ya murɗa. Wanda bai gamsu da shi ba sai ya ɗaura masa jan zare a maɗauri. Ma'anar zaren ita ce wannan na bango ne, na kallo, kada ya sake taɓa ruwa. Yawancinsu masu zare ne. Na taɓa tambayarsa me zai faru in an shiga da mai zare. Ya ce, "Saratu, ba ranar farko zai ci amanarki ba. Zai bari sai kin saba da shi, kin yi nisa can ƙasa inda babu haske, sannan ya tsage. Ruwa ya buge ki a hanci, ki rasa ina ne sama." Ban sake yi masa wannan tambayar ba.

Mutanen gari ba don bangon falo suka san shi ba. In yaro ya nutse a dam, ko wani ya faɗa rijiya, ƙofarmu ake bugawa. Bai taɓa tambayar ɗan wane ne ba, ko wane addini. Sau da yawa gawa yake fitowa da ita, amma iyaye sukan gode, domin sun sami abin da za su binne.

Ranar da ya rasu ina Kafanchan wajen 'yata, sai washegari na iso. Kafin in iso, matan zumunta na cocinmu sun shiga gyara falo saboda masu ta'aziyya. Suka ɗaga kai suka ga fuskokin roba jere a bango, kusan kowace da jan zare. Mama Talatu, shugabarsu, mace mai tsoron Allah da saurin hannu, ta ce ba za a bar fasto ya shigo ya ga wannan ba, a fita ana cewa dattijon coci guda ya mutu da layu a falonsa. Yaya Rifkatu na ɗaki, ba ta san inda kanta yake ba. Aka kawo reza aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana yanke zaren, aka haɗa zaren da shara aka ƙone. Don rufin asirinsa suka yi, na sani. Duk da haka har yau in na haɗu da Mama Talatu, gaisuwata ba ta wuce fatar baki.

Da na ga bangon na ɗora hannu a ka, na faɗi abin da zaren ke nufi. Aka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, aka ba ni ruwa. Da aka zo rabon kaya, kamar yadda muka saba, kowane ɗan'uwa sai ya tafi da wani abu na mamaci. Yaya ba mai tara riguna ba ne, sai aka raba abin da ya tara. Wasu suka tafi Basawa, wasu Zabi, wasu kuma ba a yi wata ba suka koma kasuwar Sabon Gari inda suka fito. Tun daga lokacin nake bin sawunsu. Oga Chidi ya tsufa, amma in ɗaya ya ɓullo yakan aiko a kira ni. Waɗanda na samu suna cikin buhu a ƙarƙashin gadona, na mayar wa kowanne zarensa. Ban same su duka ba.

Rabon Ishaku shi ne wani baƙi, zagayayye, mai zoben tagulla. Yaya yana da irinsa biyu da ya saya rana ɗaya. Da ɗaya yake nutso, ɗayan mai zare ne. Ishaku ya rantse nasa ne mai kyan. Ni ban sani ba. Shi ma bai sani ba, rantsuwa ce kawai.

Zariyar yau ta fi ta zamanin Yaya ramuka. Ko'ina aka ɗebi ƙasar gini an bar kududdufi mai zurfi, bakinsa a tsaye, da damina ya cika ya yi lumui, yara kuma ba sa jin magana. Mutane ba su canja ƙofar da suke bugawa ba. Ishaku mai walda ne, yana da mata da 'ya'ya mata biyu, amma shi ne ɗan Mai Nutso, kuma ya iya ruwa. Ya fara zuwa, yanzu ya zama aikinsa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo. Na san zai yi murmushi da farko, don babu uban da ba ya son a ce ɗansa ya gaje shi. Sannan zai miƙa hannu a ba shi gilashin, ya ja robar kusa da kunnensa, ya ce a kawo masa zare. Ko da mai kyan ne Ishaku ya samu, ya sha zafin Zariya na shekara goma sha biyu a kan ƙusa. Da Yaya na da rai, yau babu ko ɗaya a bangon nan da zai rage ba zare.

Matar Ishaku ta sa an kawo masa sabo daga Kaduna. Sau ɗaya ya fita da shi. Da ya isa bakin ruwa sai jama'a suka hau tambaya, ina na Baba? Uwar yaron da ya nutse ta durƙusa tana roƙonsa ya koma ya ɗauko, wai ruwa ya san na Baba, shi yake sakar wa mutum. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. An yanke zare don gudun a ce laya, ga shi yanzu gilashin kansa ya zama layar gari.

Bayan ruwan farko na je gidansa da jan zare a jakata.

"Gwaggo, sau nawa na shiga da shi? Ko ɗigo bai taɓa shigowa ba."

"Haka ubanka ya ce zai yi."

"To in yi yaya? Uwa na kuka a ƙofata, in ce mata Gwaggo ta hana?"

"Ka shiga da sabon."

Ya ɗaga kai ya kalli ƙusar. Ya ce, "In na sa wannan, warin Baba nake ji. Ba na jin tsoro a can ƙasa."

Na tashi na ɗaura zaren a maɗaurin, na ƙulle tam. Bai hana ni ba, yaro ne mai ladabi.

In an auna abin da ya rage na Yaya, ba kaɗan ba ne. Sunansa ya rage, da ƙarfin halinsa, da kyan aikin hannunsa, wanda har yau ke sa matacciyar roba ta yi kama da sabuwa. Abin da ya ɓace shi ne tsoronsa, kuma shi ne ya raya shi har ya mutu a gado. Don haka ina roƙon duk mai karanta wannan: in akwai tsohon gilashin nutso mai sheƙi a gidanka, ko ƙafar agwagwa da ka saya a Sabon Gari, ka rataye su a bango ka bar su can.

Ranar Alhamis da ta wuce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke ina bakin titi a kasuwar Samaru, sai ga ɗan acaba ya wuce a guje ya nufi hanyar Basawa. Ishaku ne a baya, ƙafar agwagwa a hammata, gilashin a wuya. Bai cire zaren ba, ina hango shi yana kaɗawa. Na kira sunansa, bai ji ba.

Da yamma matarsa ta buga mini waya ta ce ya dawo, yana cin tuwo. Na ce mun gode wa Ubangiji. Watan Agusta bai ma kama ba tukuna.