Ranar da Ruwa Ya Shiga Tsohon Tanki

Ban taɓa mantawa da safiyar da saƙon ya shigo mana ba. Muna cikin sauke buhunan shinkafa daga tirela, sai wayoyinmu suka ɗauki ƙara kusan tare. Ni ba na karanta Larabci sosai, don haka na miƙa wa Ammu Bashir tawa. Ya karanta, ya ɗaga kai ya dubi sama ta wajen teku, ya ce ana gargaɗin ruwa mai ƙarfi da iska, kowa ya nisanci kwari da hanyoyin ƙarƙashin gada. Sannan ya ce, "Yalla, a bar sauke kaya. Yau aikin ɗagawa ne."

Ina ba da labarin nan ne saboda ku da kuka fara aiki bayan rasuwarsa, kuna jin sunansa a bakinmu ba ku san shi ba. Allah ya jiƙansa. Ammu muke ce masa, wato baffa da Larabci. Shi ne mai kula da ma'aikata a wannan mustauda, wato babban ɗakin ajiyar da muke ciki a bayan unguwar Madain Fahd a nan Jidda. Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya taso aikin hajji a ƙasa, ya yada zango a can, bai ƙara gaba ba. Ni a lokacin ina tuƙa motar ɗaga kaya, ina ƙarƙashinsa.

Wanda bai zauna Jidda ba zai ce mene ne abin tsoro a ruwan sama. A nan ba a cika samunsa ba, amma idan ya zo da ƙarfi ƙasa ba ta shanye shi. Daga duwatsun gabas yake gangarowa, ya bi tituna yana neman teku, ya kwashi abin da ya tarar.

Ammu yana da tsarinsa, kuma bai taɓa sauya shi ba. Da farko a fitar da motoci a kai su tudu. Bayan haka a ɗaga sukari da fulawa zuwa saman kanta, domin su ne ruwa ke fara kashewa. Shinkafa ta biyo baya, a ɗora ta kan katako biyu biyu, a rufe da tamfol saboda yoyon kwano. Sai a jera buhunan yashi a bakin ƙofa. Na ƙarshe a kashe wuta daga babban makunni, kuma wannan shi kaɗai ke yi da hannunsa.

A cikinmu akwai Baba Ɗanjuma, dattijo mutumin Katsina. Aikinsa ɗinke buhunan da suka yage da dafa mana shayi. Ya zo aikin hajji tun da sauran ƙarfinsa, bai koma ba, kuma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Shi da Ammu kullum cikin tsokana suke. Ran nan ma Ammu ya gan shi yana jan buhun yashi, ya ce, "Ya Alhaji, bar shi, kar bayanka ya karye ba ka gama ɗawafin ban kwana ba."

Baba ya ce, "Kai dai Basudane, kakanka ma a hanya ya kwana. Ni ko ba komai na iso."

Dole in yi muku bayanin tankin, don yanzu an cike shi da ƙasa. A can ƙuryar mustauda akwai tsohon tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, irin wanda kowane gini ke da shi a garin nan. An daina amfani da shi, ya bushe. Yana da murfin ƙarfe da tsani. Idan masu binciken takardu suka shigo layinmu, wanda ba shi da iƙama nan yake sauka ya ja murfi. Dokar ita ce, in ka shiga, ko wa ya kira ka kar ka amsa, ko da sunanka ya ambata, ko da abokinka ne, domin ana iya sa shi ya kira ka. Muryar Ammu kaɗai ake amsawa. Shi ya kafa dokar, don ya tsare mutanensa. A shekarar, Baba ne kaɗai ya rage mai shiga.

Kafin azahar gari ya yi duhu kamar magariba. Iska ta fara, tana ɗaga kwanon rufi tana saki. Da ruwan ya sauko ba ma jin maganar juna sai da ihu. Ba a jima ba titi ya zama kogi, ruwa ja, ɗauke da kwandunan shara da katakai. Na ga wata ƙaramar mota tana tafiya a karkace ba kowa a ciki. Ruwan ya haye buhunan yashinmu ya fara malala cikin mustauda.

Ana haka sai ga babbar motar masu aikin ceto ta shigo layin, da fitila mai walƙiya da lasifika, suna cewa kowa ya fito ya hau bene. Ammu ya kashe wuta, ya ce mu kama hannun juna. Muka ratsa ruwa har gwiwa zuwa ginin da ke kallonmu, muka hau hawa na farko. A nan ya tsaya yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce, "Ina Alhaji?"

Kowa ya dubi na kusa da shi. Wani ya ce ya gan shi ya nufi ƙurya lokacin da fitilar ta haska ƙofa. Duk mun gane. Baba ya ga kaki da fitila, ya yi abin da aka koya masa.

Na riga kowa sauka. Na koma ciki na tsaya kan tankin ina buga murfin da ƙafa, ina kiran Baba da iya ƙarfina. Shiru. Bakin tankin yana da ɗan tudu, amma ruwa ya fara shafe shi, kuma ina jin ƙarar zubarsa a ciki ta tsohon bututu. Na kama murfin zan ɗaga, sai na ji an riƙe mini hannu. Ammu ne. Ya ce, "La, Isuhu. In ka buɗe yanzu duk ruwan nan a kansa zai sauka."

A bayansa akwai jami'in ceto, matashi, da igiya a kafaɗa. Daga baya na ji yadda aka yi. Ammu ya tare shi a titi ya ce akwai mutum a cikin tanki. Jami'in ya ce me ya kai mutum tanki a rana irin wannan. Ammu ya san abin da amsar za ta iya jawo wa Baba, da shi kansa, da kafilinmu, wato maigidan da muke aiki ƙarƙashin sunansa. Ya faɗa masa gaskiya. Jami'in ya ce, "Ya ammi, ni ba takarda aka aiko ni nema ba. Nuna mini wurin."

Ammu ya sa muka sauko da buhunan shinkafar da muka wuni muna ɗagawa, muka kewaye bakin tankin da su, muka danne da ƙafa har ruwan ya daina ratsowa. Sannan aka ɗaga murfin. Ciki duhu. Jami'in ya haska fitila, muka hango Baba can ƙuryar nesa da tsani, ruwa ya kai masa ƙirji, ya manne da bango. Da ya ga hasken da kakin sai ya ƙara matsawa baya.

Ammu ya kwanta rubda ciki a kan buhunan ya leƙa kansa. Bai yi ihu ba. Da muryar da yake tsokanarsa ya ce, "Ya Alhaji, ni ne Bashir. Halas, shi ke nan, fito. Shayi ya huce."

Sai muka ji Baba ya ce, "Basudane, kai ne? Akwai mutum a bayanka."

"Akwai. Baƙona ne. Taho."

Ƙafafun Baba sun riga sun sandare, ya kasa kama tsani. Jami'in ya ɗaura igiya zai sauka, Ammu ya ce a'a, in ba shi Ammun ba ne Baba ba zai saki bangon ba. Ammu, mutum mai ciwon sukari, ga shekaru, ya sauka cikin ruwan nan ya ɗaura wa Baba igiya a ƙarƙashin hammata, muka ja. Da suka fito, jami'in ya tuɓe rigarsa ta ruwa ya yafa wa Baba, ya ce a ba shi abu mai zafi, ya wuce gida na gaba. Ko sunan Baba bai tambaya ba, mu ma ba mu san nasa ba.

Washegari muna kwashe laka, Ammu ya sa aka kawo ƙasa aka cike tankin. Da kafili ya zo ya ga shinkafar da ta jiƙe, Ammu ya ce shi ya ba da umarni, ya gaya masa dalili. Sai kafili ya tambayi jikin Baba. A ranar Ammu ya tara mu ya ce dokar ta mutu. Ya ce, "Ni na koya masa ya yi shiru. Da na makara, da biyayyarsa ce ta kashe shi."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Kafin hadari muna lissafin sukari da fulawa da motoci, amma wanda aka ba amanar mutane fuskoki yake fara dubawa, kuma duk dokar da ya kafa, shi ne zai shiga ruwa in ta juya. Shi ya sa yanzu in an yi gargaɗi nake kiran sunan kowa kafin in taɓa makunni.

Bayan ruwan Baba ya ce ya gaji, yana so ya koma Katsina ya ga jikokinsa. Ammu ya ɗauki maganar a kansa, ya fara zirga-zirgar nema masa takardar fita. Yana cikin haka ciwo ya kwantar da shi. Na je duba shi a gidansa a unguwar Bani Malik, bai yi mini maganar jikinsa ba, sai ya ce, "Isuhu, maganar Alhaji." Na ce in sha Allahu. Bai tashi daga wannan kwanciyar ba.

Baba Ɗanjuma yana nan a ɗakinsa a unguwar Waziriyya, ya daina zuwa aiki. Ina kai masa shayi da sukari ranar Juma'a. Takardar ba ta fito ba har yanzu, kuma ban kai shi gida ba.