Mai Raba Wasiƙu a Shagon Donatus

Malam Maitama bai taɓa aikin gwamnati ba, amma shekara goma sha huɗu wasiƙun ƙauyukan Malumfashi ta hannunsa suke bi. Donatus, mai sayar da kayan keke a bakin tasha, shi ke da akwati a gidan waya, kuma a wancan zamani mai akwati kamar mai rijiya ne a unguwa, kowa da gugansa yake zuwa. Manoman auduga na Ƙarfi, mahautan Kafur, 'yan makaranta, duk lambar akwatinsa suke bayarwa. Da abin ya ishe shi, a shekarar 1974, sai ya ɗauki Maitama, wanda ya yi aji huɗu na elemantare, ya ba shi benci da wani katako mai gurbi-gurbi a bayan shago.

Aikin ba shi da nauyi, sai cin rai. Mutanenmu kuwa ba su iya rubuta adireshi ba. Wani zai rubuta "Mati, Ƙarfi" ya miƙe ƙafa, kamar Mati ɗaya Allah ya halitta. Don haka Maitama ya tsara wa kansa ƙa'idoji bi da bi. Yana duba sunan ƙauye, in babu ya duba sana'a, in babu ya jefa a kwandon marasa mai ita, wanda yake karantawa da ƙarfi ranar kasuwa. Ƙa'idar da ta fara kama wasiƙa ita ke tafiya da ita, ba ya ƙara kallon sauran.

Ƙa'ida ɗaya ce ba shi ya so ta ba. Talaka in zai nemi wani abu a birni, yakan jingina da sunan babba, ya rubuta "ta hannun Alhaji wane". Wata rana Maitama ya ga irin wannan, ya san mai ita, ya miƙa masa kai tsaye. Alhaji Manu, dillalin auduga, ya zo har shago ya wanke shi tas.

"An ce ta hannuna, ka tsallake ni? Ni ba mutum ba ne?"

Donatus, da ba ya son rasa mai saye, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ka riƙa ba shi kayansa." Tun daga ranar Maitama ya ɗora wannan ƙa'ida a saman duka. Da idonsa ya faɗa kan "ta hannun", sai gurbin Alhajin, ko sunan mai wasiƙar ba ya karantawa. Da shekaru suka ja, ido ya fara rauni, baya ya ƙage, sai ma ya ji daɗin hakan, don ya rage masa karatu.

A daminar 1983 'yarsa Rabi ta gama sakandare, ta nemi makarantar ungozoma. Ita kaɗai ce a gidan ta kai haka, kuma wasiƙar kiran ganawa kawai ake jira. Kullum in ya dawo sai ta karɓi takalminsa ta ce, "Baba, ta zo?"

"Ba ta zo ba. In ta zo, ai ni zan fara ganinta."

Abin da bai sani ba, malamin da ya cike mata takarda ya ce sunan babba ya fi saurin buɗe ƙofa, ya rubuta ta hannun Alhaji Manu. Rabi kuwa ta ji nauyin gaya wa mahaifinta cewa an tsallake sunansa, ta yi shiru. Alhaji ya tafi aikin hajji. Wasiƙunsa suna taruwa, Maitama yana ɗaure su da zare yana aikawa gidansa, ana zubawa a ɗakinsa a kulle.

Bayan kwana arba'in Alhaji ya dawo, ya biyo ta shago da ambulan ɗaya a hannu.

"Malam Maitama, wannan ba ta 'yar wajenka ba ce?"

Ranar ganawa ta wuce da kwana tara. Maitama ya zauna a bencinsa har la'asar bai raba ko wasiƙa ɗaya ba. Bai yi fushi da Alhaji ba, bai yi da malamin ba. Gajiya ce ta sauko masa, irin wadda barci ba ya maganinta.

A gida ya miƙa wa Rabi. Ta karanta a tsaye, ta duba hatimin gidan waya, ta ƙirga kwanakin da yatsa.

"Baba, a hanya ta makale?"

Da ya ce eh, da ta yarda, don ba ta taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Ya dubi ƙasa.

"A kan lokaci ta zo. Ni na ɗaure ta da hannuna."

Ta ninke takardar, ta kawo masa ruwan alwala kamar kullum.

Ya ƙara shekara biyar a shagon, yana karanta kowace ambulan tun daga sama har ƙasa, direbobin da ke kai wasiƙun ƙauyuka suna ƙorafin ya cika nawa. Rabi ta sake nema sau biyu, kowane karo da sunan mahaifinta a kai. Ba a sake kiranta ba.