Safiyar da Za a Nuna Mini Kufan Kakana

Ranar Talata na tashi da asuba, na yi salla, na fito tsakar gida. Inna Gaji, tsohuwar da ta sauke ni, tana zaune a kan turmi tana tsefe kaba. Ƙarfe shida da rabi surukarta Hajara ta kawo mana kunu. A bayan danga maza suna ɗora damman gero a amalanke. Rannan ne Inna ta yi alkawarin kai ni kufan kakana, wato inda gidansa yake kafin garin ya tashi.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, da ta ajiye alli, haihuwar Birni a Damagaram. Magana ɗaya mahaifina ya bar mini game da asalinmu: ubansa, Ali, manomi ne daga Gidan Barmo, gabas da tafkin Gidimuni, yunwa ta koro shi. Shekara huɗu ina bin wannan magana daga wannan biro na gwamnati zuwa wancan, kowa yana ce mini in dawo gobe. Na samu kundin ƙidayar zamanin Nasara, gara ta cinye rabinsa. A rabin da ya rage akwai Gidan Barmo har uku, kuma kowanne da Alinsa. Wata tsohuwar jarida ce ta raba gardama, da ta ce rijiyar ɗayansu, na kusa da tafkin, ta rufta, mutanen suka koma gabas. Sai taswira, wadda ta nuna mini ɗigo ɗaya. Ɗigon nan a ƙasa ya fi gona ɗari.

Haka na iso garin jikokin waɗanda suka koma gabas ɗin. Duk garin, Inna Gaji kaɗai ta san wurin. Tana yarinya uwarta ta sha kai ta ɗibar ganyen kuka a can, ta nuna mata gurbin gidan Ali. Amma kufan yana tsakiyar gonakin mutane, kuma ba a gama girbi ba.

"Ba a ratsa hatsin mutum yana tsaye, Madam," in ji ta. "A birninku ba a koya muku wannan ba?"

Na ce to ta kwatanta mini da baki. Ta yi dariya, ta ce ƙafa ce ta san wurin, ba baki ba. Kwana tara ina zaune ina cizon yatsa.

A kwana na uku na yi abin da har yau yake ci na. Habu, ƙanen mai gari, ya roƙi ganin taswirar. Ya ɗora yatsa a kan wani layin ɗigo-ɗigo da ya bi ta arewacin fadama, ya ce, "Wannan fa, Madam?" Tabarau na yana ɗaki. Kuma wadda ta shekara talatin a gaban allo ba ta iya cewa ban sani ba. Na ce iyaka ce, ina jin. Har fotokofi na ba shi, a matsayin tsarabar baƙuwa. Ban san mutanen garin sun daɗe suna jayayya da garin arewa a kan fadamar nan ba. Takarda mai rubutun Faransanci da hatimi, a wurinsu ta gama magana. Ranar Lahadi suka je suka kafa turaku a kan layin. Ba wanda ya gaya mana a cikin gida.

To, Talatar nan, ƙarfe bakwai saura kwata, karnuka suka soma haushi ta arewa. Inna ta ce in miƙo mata sandarta. Ƙarfe bakwai muka ji ƙarar farko, bindigar maharba. Tantabaru suka tashi gaba ɗaya. Sai ta biyu, ta fi kusa. Daga nan ihu.

"Ku fita! Mata, ku yi kudu!"

Hayaƙi ya taso daga wajen rumbuna. Sabon gero idan yana ƙonewa fashewa yake yi, kamar ana soya gyaɗa a kasko. Na ga mutane da adduna suna tsallaka dangar maƙwabta. Ban gane fuskar kowa ba.

Hajara ta goya Inna, ta keta zana ta bayan gida. Ni kuwa ɗaki na koma, na ɗauko jakar takardu. Zan faɗa yadda ya faru: takalmi ban ɗauka ba, ruwa ban ɗauka ba, jakar na ɗauka.

Bakwai da kwata muka cimma amalanken wani maƙwabci a bakin gari. Ya tura damman ƙasa, muka ɗora Inna, mata shida muka hau. Ya buga wa san da ke jan amalanken sanda. Hanyar kudu a toshe take da jama'a, sai ya yanka yamma ta cikin gonakin da aka girbe. Kututturan kara suna dukan ƙafafun amalanke. Ana harbi a bayanmu. Na kifa kaina a kan jakar, na rufe ido, ina salati.

Ban san minti nawa muka yi ba. Sai na ji Inna tana dukan bayana da tafin hannu.

"Madam, duba! Ga shi nan! Ga shi!"

Na ɗauka mahara take nufi. Na ƙara dunƙulewa. Ta sake dukana, ta ce, "Gidan Ali, ƴar birni!" Kafin in ɗaga kai, in buɗe ido, in gane maganar, mun wuce. Na waiwaya. Kukoki ne jere, sun fi goma, da ƙura, da hayaƙi. Na ce wacce, Inna, wacce? Ta ɗaga hannu za ta nuna. A daidai nan aka yi harbi kusa, san ya zabura, ƙafar amalanke ta faɗa rami. Mu uku muka zube. Ni na faɗa kan rairayi. Inna ta bugi kututture da ƙeya.

Ƙarfe takwas muka shiga wani kwarin dabino muka ɓuya. Hajara ta yaga mayafinta ta ɗaure wa Inna kai. Idonta a buɗe, amma ba ta magana. Tara da rabi harbin ya tsaya. Muka goya ta bi da bi, ni da Hajara, ƙafafuna duk ƙaya. Sha ɗaya muka fita babbar hanya. Motocin jandarmomi biyu suka wuce mu da gudu, sun nufi garin. Bayan azahar wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ya tausaya ya ɗauke mu.

A bayan kamiyon na riƙe hannunta. Kunya ce ta hana ni sake tambayarta, kuma har yanzu ban san ko da na tambaya za ta amsa ba. Ta cika ana kiran la'asar, kafin mu ga ƙofar likita.

Kwana biyu bayan jana'iza na koma Birni. Na sa tabarau, na shimfiɗa taswirar a kan tabarma, na karanta bayanin da ke ƙasanta, wanda shekara huɗu ban taɓa kulawa da shi ba. Layin ɗigo-ɗigo hanyar raƙuma ce.

Mutum huɗu aka rufe: Habu, da biyu daga garin arewa, da Inna Gaji. Geron bana na unguwa guda ya tafi. Na koma gonakin yamma sau biyu da rani, na tsaya a gindin kowace kuka, babu wadda ta bambanta da ƴar'uwarta. Takarduna kuwa na ƙirga su ranar da na dawo. Ko warƙa ɗaya ba ta ɓata ba.